Za ka sayi mota 'yar Amurka ko 'yar Beljiyom? Ka fara kai ta gidan mai

Warin nan da ke dukan hanci idan ana zuba maka fetur, tiririn cikin tanki ne man da ke shiga ya koro waje. Akwai benzin a cikinsa, sinadarin da ke jawo cutar daji, kuma mai ne da ka biya kuɗinsa yake bin iska.

Turai da Amurka kowa da inda ya tare shi. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 a kan gidan mai ta ɗora nauyin: famfo ya zuƙe tiririn ya mayar tankin ƙasa. Amurka kuwa a jikin motar ta sa dabarar, daga samfurin 1998, zuwa 2000 duk ƙananan motoci sabbi sun samu. Wuyan tankin siriri ne, man da ke gangarawa shi ke toshe shi, sai tiririn ya rasa mafita sai ta wani gwangwani cike da gawayi, wanda makanikai ke kira kanista. Gawayin ya riƙe shi, in ka hau titi bawul ya buɗe, inji ya ja ya ƙone. 'Yar Beljiyom ma tana da kanista, amma ƙarama ce, ba don lokacin shan mai aka yi ta ba.

Da wuya ka ga famfo mai zuƙar tiriri a gidajen manmu, don haka a wannan fannin ni dai 'yar Amurka zan ɗauka. Sai dai ba ta son ɗabi'armu ta cikawa har baki. Famfo ya yanke, yaron gidan mai ya girgiza motar ya ƙara dannawa, ruwan fetur ya malala cikin gawayin ya jiƙa shi sharkaf.

Kafin ka biya dillali, ku je ku sha mai tare. In famfon yana ta yankewa alhali tanki ba komai, mai yiwuwa kanistar ce ta toshe ko hanyar iskarta. A sa kwamfuta a duba. Lambobi irin su P0441 da P0446 can suke nuni.

In ta lalace, sabuwa ta fi, duk da tsadarta. Ta gwanjo ka jijjiga ta tukuna: in ta yi nauyi ko gawayi na zubowa, bar musu kayansu. In makanike ya ce a cire a toshe tiyon kawai, kada ka yarda: fitilar inji za ta zauna a kunne, garejinka kuma ya riƙa warin fetur.