Hoton bariyom ga mai wahalar haɗiya: yana da amfani, amma ba komai yake gani ba

Idan tuwo ya fara tsayawa a ƙirji sai an kora da ruwa, daga baya har fura ta gagara, sau da yawa hoton bariyom, wato hoton X-ray na hanyar abinci, ake fara rubuta wa mutum. Ga mutanen karkarar Kano da Jigawa ya fi zura kyamara ta baki arha, kuma ba a sa barci.

Ana zuwa ne bayan awa 6 ba ci ba sha. A ba ka bariyom, wani farin ruwa mai kauri kamar kunu, ka guntsa, sai mai hoto ya ce haɗiye. Minti 30 ya isa. Bayan gida zai yi fari kwana biyu, ciki kan ɗaure, a yawaita shan ruwa. Mai juna biyu ta faɗa tun a bakin ƙofa.

Inda gwajin ya yi fice shi ne tsukewar hanyar abinci. Yaron da ya kurɓi ruwan sodar haɗa sabulu da aka bari a robar lemo, bayan 'yan makonni tabo ke matse masa hanya. Hoton zai nuna tsawon wurin da faɗinsa, kuma da su likita ke aiki kafin ya fara buɗawa. A babba, da zarar faɗin ya gaza milimita 13, loma ba ta wucewa salin alin.

Matsalar ita ce injin. Aikin na son wanda ke nuna ruwan yana gangarawa a allo. Inda ake ɗauka da na hoton ƙashi, sau da yawa bariyom ya wuce kafin a danna, a ce lafiya lau alhali ciwon na nan. Ka tambaya kafin ka biya.

Sannan gwajin ba ya karanta fatar cikin hanyar. Kumburin da kan biyo rashin jituwa da wani abinci, ko farkon ciwon daji, sai an zura kyamara an tsinko ɗan nama an kai awo, irin yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ke ramewa, ko yake ƙwarewa da ruwa, kada ya tsaya kan bariyom, balle wajen wanzami cire beli. Ya tafi wajen likita da fim ɗin hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba.