Kwas ɗin sabunta satifiket na koci: abin da na gani a wata uku

Jama'a tunda ana ta tambayata a inbos yadda kwas ɗin sabunta satifiket ɗina ya kasance, bari na yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Ni kocin rayuwa ce, mai taimaka wa mutane su cimma burinsu ta hanyar tattaunawa, shekarata ta uku kenan da karɓar ACC, satifiket ɗin matakin farko, daga ICF, wato ƙungiyar nan ta masu aikin koci da Thomas Leonard ya kafa a 1995. Wanda bai sani ba, satifiket ɗinsu ba na har abada bane, duk shekara 3 sai ka sabunta, kuma sai ka kawo awa 40 na ƙarin karatu, aƙalla 24 a kan ainihin ƙwarewar aikin, 3 daga ciki kuma dole su zama na ladubban sana'a. Mu masu ACC an ƙara mana da awa 10 na zama da jagora, wato ƙwararren koci mai duba aikinka, wanda ba a yarda ka cushe su a sati ɗaya ba, sai sun ɗauki wata uku ko fiye. To ni kuma na yi ta jan ƙafa har lokaci ya kusa ƙure min, shine na yi rajista da wani kamfani a intanet da ya haɗa komai a ƙunshi ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ba don akwai inda zan yi ƙorafi.

Na fara da ƙorafin ma. Bidiyoyinsu wlh babu wani abin kirki, mutum ne zaune yana karanta abin da ke kan allo, har da darasi guda a kan GROW, tsarin tafiyar da zaman koci da John Whitmore ya yaɗa tun 1992, wanda duk wanda ya yi awa 60 na horon farko ya haddace shi kamar sunansa. Ina kunna su ne ina ninke kaya. Tambayoyin ƙarshen darasi kuwa ko barci kake za ka ci. Sannan takardar shaidar awannin da na yi sai da na tura imel har sau huɗu kafin su turo, na farkon ma da suka turo an rubuta sunana ba daidai ba.

Amma zaman jagora, kai. Nan ne kuɗina ya fanshi kansa.

Tsarin shine awa 7 a rukuni ta Zoom, awa 3 kuma daga ke sai jagorar. Kafin zaman farko ta ce na naɗi muryar zama ɗaya da nake yi da wani da nake horarwa, da izininsa a rubuce, na tura mata. Na zaɓi wanda nake ganin na fi burgewa a ciki mana, waye zai tura wanda ya kwafsa. Muna zaune ta kunna, can wajen minti na 11 mutumin ya ce "ni fa ban ma san ko ina son aikin nan ba", sai ya yi shiru. Ta tsayar. Ta ce Malama, ƙirga min shirun nan daƙiƙa nawa ya yi kafin ki shigo. Na ƙirga, biyu. Daƙiƙa biyu kacal na bari, sai ga muryata tana zuba, wai ka gwada rubuta amfaninsa da rashin amfaninsa, ka gwada kaza, ni ma na taɓa shiga irin wannan. Bawan Allah ya ce "to", daga nan bai sake komawa kan maganar ba har muka gama. Mutum ya buɗe ƙofa ni kuma na rufe da shawara, ina ganin taimako na yi. Ta sake kunna wurin sau uku, a na ukun sai da na rufe fuska da hannu.

Ba ta yi min faɗa ba fa, tambaya ɗaya ta yi, wai me shirun yake yi miki a jiki. Na kwana biyu da tambayar nan. Gaskiyar magana tsoro nake ji kar mutum ya ga kamar ya biya kuɗi ban ba shi komai ba, so nake a tashi ana cewa ta san aiki. Ashe matsalar ba ta dabara bace, tawa ce ni kaina, kuma babu bidiyon da zai nuna min wannan. Tun daga ranar na ajiye kofin ruwa a gefe, in mutum ya yi shiru sai na kurɓa maimakon na yi magana, abin dariya amma yana aiki.

Zaman rukuni kuma da daɗi ba daɗi. Mu tara ne, akwai wani da shi kaɗai yake cinye rabin lokaci kuma jagorar tana jin nauyin katse shi, ga agogon ƙasashe ya bambanta wasu na hamma wasu yanzu suka tashi. Amma a nan ne wata ta kawo labarin matar da take horarwa da ta daina barci ta daina cin abinci, aka tattauna a fili cewa wannan ya wuce aikin koci, na likitan ƙwaƙwalwa ne, da yadda za ki faɗa wa mutum haka ba tare da ya ji kamar korarsa kika yi ba. Awa ɗayan nan ta fi min darasin ladubban da ke bidiyo nesa ba kusa ba.

In za ku shiga irin wannan ku tambayi wacece jagorar kuma wane mataki take, tawa PCC ce, matakin da ke gaba da ACC, wato ta haura awa 500 tana aikin, kuma ana ji a kunnenta. Ku tabbatar awannin nasu ICF na karɓa kafin ku biya, kada ku tsaya ga tambarin da ke shafinsu. Ni dai na ba su uku da rabi cikin biyar, ukun na jagorar ne. Na riga na tambaye ta ko tana karɓar mutum kai tsaye ba ta hannun kamfanin ba, ta ce sai bayan wata biyu jadawalinta ya cika, na ce ta saka sunana.