Tsohuwar amfilifayata mai zafi kamar kaskon waina, da Baban da ya gyara ta a Sabon Gari

Jama'a bari in ba ku labarin wani mai gyara da na kai wa amfilifayata, wato injin ƙara sautin jita, don na san akwai masu kiɗan biki da 'yan situdiyo da suke da tsofaffin kaya a ajiye amma suna tsoron hannun da za su miƙa wa. Tawa Roland ce JC-120, irin wadda aka fara fitarwa a Japan tun 1975, lasifika biyu masu inci 12, kowace da injinta mai wat 60, taransista ce zalla ke ƙara mata sauti, babu kwalbar wuta irin ta tsofaffin rediyo ko ɗaya a cikinta. Gwanjo na saye ta shekarun baya kuma har yau ban ji abin da ke fito da sautin jita garau kamarta ba, balle in ka kunna koras ɗin nan nata sauti ya riƙa yawo tsakanin lasifikun kamar ruwa.

A watan Afrilu abin ya faru, kun dai san zafin Kano a lokacin, muna wajen wani kamu sai na fara jin ƙauri, na kai hannu bayanta na janye ba shiri, sauti ya fara karkarwa can sai ɗif, fiyus ya tashi. Washegari na kai wa wani yaro mai gyaran rediyo a unguwarmu, kwana ɗaya ya gama, ya canja taransista biyu ya ƙara girman fiyus ya ɗaura mata fankar kwamfuta a baya ya ce oga zafi ya ƙare. Sati guda ta yi. Ko kiɗa ba na yi, a kunne kawai take a ɗaki, ɓangare ɗaya ya ɗau zafi har fankar ma iska mai zafi take hurowa.

Wani abokina mai kibod ne ya tura ni wajen Baban, a Sabon Gari ɓangaren masu kayan lantarki. Ba zan faɗi sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba. Shagon ɗan tsukuku ne, mutum biyu in sun shiga na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa, tsofaffin rediyo da dek jibge har rufi. Abin da ya fara burge ni shi ne bai jona ta a wuta ba. Juya ta ya yi ya goge ɗan rubutun bayanta da babban yatsa ya ce ɗana karanta min nan, na karanta, bolt 100. Ya ce da wace tiransifoma kake rage mata wuta, na ce ta 110 mana irin wadda kowa ke saye. Ya girgiza kai ya ce wutar Japan 100 ce, ta Amurka ce 120, tamu nan 230, wato tun ranar da ka saye ta kake ɗura mata abin da ya fi cikinta, ranar da NEPA ta kawo wuta da ƙarfi ko janareta ya yi gudu kuwa abin ya fi haka. Shekara nawa ina amfani da ita ban taɓa duba rubutun nan ba, kunya ta kama ni.

Da zai kunna ta sai ya bi da wutar ta cikin wani kwan fitila irin na da mai zare, wat 100, a jere da amfilifayar. Ya ce in akwai abin da ke zuƙar wuta fiye da kima kwan ne zai haska ya tare, maimakon kaya su ƙone. Kwan ya yi wal ya dushe kamar komai lafiya, muna zaune muna hira sai ga zaren yana ƙara ja a hankali a hankali. Ya ɗora mitarsa a kan ƙananan resistoci masu takaita gudun wuta da ke ƙafar manyan taransistocin, ɓangare ɗaya lamba ta tsaya cak, ɗayan kuwa sai hawa take kamar farashin shinkafa, alhali ko jita ba a jona ba.

Nan ya yi min bayanin da ya sa nake wannan rubutun. Ya ce taransista halinta ne in ta yi ɗumi sai ta ƙara buɗe wa wuta hanya, wuta ta ƙaru zafi ya ƙaru, zafi ya ƙaru wuta ta sake ƙaruwa, haka za su yi ta tura juna har ta mutu ta tafi da maƙwabtanta. Shi ya sa masu ƙera ta suka sa wani ɗan ƙaramin abu manne da ƙarfen shan zafi, aikinsa ya ji ɗumin ƙarfen ya rage bayas, wato 'yar wutar da ke bi ta taransistocin ko ba a kiɗa. To yaron unguwarmu da ya kwance ya mayar sai ya bar ɗan abin nan yana lilo a iska, yana jin sanyin fanka yana ba da rahoton lafiya lau alhali gida na ci da wuta. Ka ga fankar ma ƙara ɓata lissafin ta yi.

Bai tsaya nan ba, ya cire taransistocin da aka sa min, farin man nan da ake shafawa tsakaninsu da ƙarfe babu ko ɗigo, na tsofaffin kuma ya bushe yana marmashewa kamar alli, noti ɗaya da yatsa ya warware shi. Ya ɗau ɗaya sabuwar ya fasa ta da filaya a gabana ya fasa wata matacciya ta asali ya jera su a tafin hannunsa, ɗan ƙwayar da ke cikin sabuwar bai kai rabin na tsohuwar ba. Jabu ce, lambar kawai aka buga a jiki. Ya ce kasuwa ta cika da su, shi ya gwammace ya ciro na asali daga mataccen inji ya auna su.

Ni ma ban tsira ba. Da ya ga wata waya da na zaro daga baya ya ce wannan fa, na ce Baba wata lasifika nake ƙarawa in wajen biki ya yi faɗi. Ya ce lasifika mai om 8 a kan mai om 8 ya koma 4, om kuwa ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta ne, ka ninka wa injin kaya kenan a tsakiyar bazara, ga ƙurar hunturu ta yi wa ƙarfen bargo, kuma na san jingina ta kake da bango. Haka ne kuwa, har da ɗankwali nake yafa mata don ƙura.

Sai dai fa shi ma yana da nasa. Sati uku cur ta yi a wajensa, biki ɗaya sai da na yi hayar wata. Waya ba ya ɗagawa, in ka je kuma ya ce yana jiran kaya, ba haƙuri ba komai. Kuɗinsa ya ninka na yaron sau biyu har da ɗori kuma ba ya ragi ko sisi. Maɓallin ƙara sauti da ke ƙarar yashi bai taɓa shi ba wai ban ce ya gyara ba, wannan ya ɗan ba ni haushi gaskiya tunda a buɗe take a gabansa.

Amma aikin ya yi. Ya canja manyan kafasita biyu masu tara wuta da suka kumbura, ya sa sabon mai da sabon ɗan faifan da ke raba taransista da ƙarfe, ya mayar da fiyus daidai da lambarsa, ya cire fankar don ita ke sa wani gurnani a lasifika, ya saita bayas ya bar ta ta yi ɗumi ya sake saitawa. Ranar da na je ɗauka na tarar tana aiki tun safe a kan wata ƙatuwar resista maimakon lasifika. Ya ce ɗumi dole ne, in za ka iya ajiye tafin hannu a bayan akwatin ka ƙirga goma to lafiya, amma kada karambani ya sa ka zura hannu ciki ko da ka zare ta daga wuta, kafasitocin nan suna riƙe wuta. Tsofaffin kayan ma a leda ya ƙulle ya ba ni.

Biki biyu na yi da ita bayan nan, duka da janareta, ɗaya wajen awa huɗu, ɗumi kawai take kamar kofin shayin da ya huce. Ƙarin lasifikar na daina, in waje ya yi faɗi makirfo nake kafa mata a gaba. Saura tiransifomar bolt 100, ya haɗa ni da wani mai naɗin waya a layinsu, shi ma yau kwana goma kenan yana ce min gobe.