Wane filash zan saya? Ga masu ɗaukar hoton biki a ƙauye

Satin da ya wuce wani ƙanina da yake ɗaukar hoto a wajen Ringim ya kira ni wai yaya filash ɗina ya lalace, rabin hoton amarya yana fitowa baƙi ƙirin daga ƙasa, har ya fara haɗa kuɗin mota zai shigo Kano ya sayi wani. Na ce masa duba saurin shata ɗinka, ya duba ya ce 1/500. Toh ka ga ba abin da ya samu filash, yawancin kyamarorin Canon da Nikon da ke hannunmu iyakarsu da filash 1/200 ne, wasu 1/250, in ka wuce nan labulen shata na biyu ya riga ya fara rufewa kafin wutar ta tashi, shi ne baƙin layin nan. Ya mayar 1/160 shikenan. Wannan ya sa na ce bari in rubuta, don da yawa muna sayen abin da bai dace da kyamararmu ba ko mu yar da mai lafiya.

Kafin ma ka yi maganar kuɗi, leƙa mazaunin filash da ke saman kyamararka. Akwai wani ɗigon ƙarfe babba a tsakiya, shi ne yake ba filash umarnin tashi, ƙananan da ke gefensa su ne na hira tsakanin kyamara da filash. Canon 4000D da 250D da wasu 2000D ba su da wannan na tsakiyan, in kana da ɗaya daga cikinsu ka sayi manuwal, wato filash ɗin da ake saita wutarsa da hannu, wallahi ko sau ɗaya ba zai haska ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Sai dai mai TTL, wato mai auna haske da kansa, wanda aka tabbatar yana aiki da ita, kuma ka gwada a shagon.

Manuwal irin su Godox TT600 da Yongnuo YN560 IV su ne masu sauƙin kuɗi, ƙarfinsu kusan ɗaya, kai ne za ka saita ƙarfin wuta da hannunka, 1/1 (cikakken ƙarfi) ko 1/4 ko 1/16, kuma ba ruwansu da sunan kyamara muddin ɗigon tsakiyan nan yana nan. Ni ina son su saboda abin da ka saita shi za ka samu, hoto na farko da na hamsin iri ɗaya. Hoton fasfo, hoton ɗalibai ranar saukar karatu, ango da abokansa a ƙofar gida, duk inda mutane ke tsaye wuri ɗaya ba abin da ya kai shi. Inda yake wahalarwa shi ne wajen kamu ko kai amarya, yanzu mutum yana gabanka taku biyu anjima yana can nesa, kafin ka murɗa an wuce.

Nan ne mai TTL irin Godox TT685 yake da rana, shi yake auna hasken da kansa. Amma ka duba harafin da ke ƙarshen sunan, C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony. Na taɓa ganin wanda mai shago ya ce masa ai duk ɗaya ne ya ba shi na wata kyamarar, ya zo gida TTL ta ƙi. Sannan TTL tana da ruɗewarta, in ango ya sha farar shadda ya cika hoton sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage wuta fuska ta yi duhu, in kuma da dare ne a fili bayansa duhu sai ta ƙara wuta fuska ta yi fari fat. Mutane suna cewa filash ya haukace, alhali ƙari ko ragi ɗaya a maɓallin +/- ya isa.

Wani abu kuma, TTL tana fara sakin wata ƙaramar wuta ta awo kafin ta gaskiyar, ido ba ya rabewa. In ka ajiye filash na biyu a gefe kan S1, wato saitin da yake tashi da zarar ya ga hasken wani filash, zai bi ta farkon ya tashi da wuri, kai ka ga ya haska amma a hoton babu shi. Ka sa shi a S2, shi yake tsallake ta awon ya bi ta gaskiyar.

Maganar batir ita ce ta fi damuna gaskiya, don mu nan ba wutar NEPA muke dogaro da ita ba. Godox V860II batirinsa na lithium ne, caji ɗaya yana haskawa wajen sau 650 a cikakken ƙarfi, TT600 kuwa da batirin AA huɗu masu caji wajen sau 230. A takarda na lithium ya yi nisa, kuma in kana da sola a gida ko mai cajin waya da ka yarda da shi to shi ne, amma ranar da ya mutu maka a wani ƙauye bayan Gumel ana tsakiyar biki ba shagon da za ka samu irinsa, in ba ka sayi na biyu ba aiki ya tsaya. Mai AA ko ba komai za ka lallaɓa. Sai dai dan Allah a daina zuba masa batirin tocila mai arha, shi ne yake sa ka danna ka jira ka jira, hoto ɗaya da haske uku babu. Ka sayi masu caji saiti biyu ko uku.

In filash yana aiki ya tsaya cak cikin zafin bazara, ba lalacewa ba ce, na Godox in ka jera hoto wajen 30 a 1/1 ba hutu yana kare kansa daga zafi, ka ba shi minti 10. Gara ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, zuwa 400 ko 800 ka sauke filash ɗin 1/4. Lokacin hunturu kuma ƙura tana kwanciya kan ƙarafunan mazaunin, goge da busasshen ƙyalle ka tura filash ɗin har ƙarshe ka kulle.

Na gwanjo kuwa a yi hattara da tsofaffin zamanin fim, wasu tsofaffin Vivitar 283 suna sako sama da volt 200 ta ƙafarsu, yana iya ƙona kyamarar zamani. Arharsa ba ta kai kyamararka ba.

Ni in ka tambaye ni, mai farawa da kyamara mai ɗigon tsakiya ya ɗauki manuwal mai AA, sauran kuɗin ya sayi batura da caja mai kyau. Wanda biki ne abincinsa kowane sati ya daure ya sayi mai TTL na kyamararsa. Kuma ranar da za ka shiga Sabon Gari ka tafi da kyamarar a jaka, ka ɗora a gaban mai shago ka ɗauki hoto goma a jere, biyar kusa biyar nesa, ka duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ka miƙa kuɗi.