Bishiyar kyanwa mai hawa huɗu: ta yi wa ƙaramar magena, amma ta ba muzuruna wahala

Jama'a wata huɗu kenan da na sayi bishiyar kyanwar nan, wato abin hawa da kwanciyar maguna na cikin ɗaki da ake yi da sanduna da falankai, irin wadda ake haɗawa da noti, mai hawa huɗu da ɗan ɗaki a tsakiya da gado a can sama, tsayinta santimita 150. Na ƙi yin magana a kanta da wuri ne don in ga kamun ludayinta tukuna, to yanzu dai na gani. Maguna biyu gare ni. Akwai mace, Kyalli, kilo 4 take, jikinta a murɗe. Sai muzuru Duna, shekararsa takwas, tun da aka yi masa dandaƙa ya fara ajiye teɓa har ya kai kilo 6 da rabi. Abu ɗaya na saya musu amma wallahi sai kace kaya biyu daban.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Ta zo cikin kwali a shirye tsaf, noti ko ɗaya bai ɓata ba, ni da maigida cikin rabin awa muka tada ita. Igiyar sisal ɗin, wato igiyar zaren tsiro mai kaushi, da aka naɗe sandunan da ita tana da ƙwari sosai, tun ranar kujerun falo suka huta da yakushi. Kyalli kuwa kamar don ita aka ƙera, tsalle biyu tana sama, ko girgiza abin ba ya yi.

Duna ne matsalar, ko in ce shi ya tona asirin bishiyar. Wurin hawa ma sai ka gan shi ya durƙusa yana kallon sama, ya gyara ƙafafun baya, ya sake gyarawa, wani lokacin ya fasa gaba ɗaya ya juya abinsa. In ya daure ya yi tsallen sau da yawa ƙirjinsa ne ke isa falankin, ƙafafun baya na reto a iska sai ya ja jikinsa da farce, a lokacin kuma duk bishiyar ta karkato wajensa saboda gindinta santimita 40 ne kowane gefe kuma garin katako ne da aka matse, ba shi da wani nauyi. Da farko na ɗauka lalaci ne irin na muzurun da ya ƙoshi. Ashe ba haka ba ne. Kyanwa da ƙafafun baya take cilla kanta sama, tana naɗe su ne ta sake su lokaci guda, kitse kuwa kaya ne kawai da aka ɗora wa tsoka, ba ya taya ta turawa ko kaɗan. Akwai binciken da wasu masana biyu, Harris da Steudel, suka fitar a 2002 a kan magunan gida, abin da suka samu shi ne waɗanda suka fi tashi da ƙarfi su ne masu dogayen ƙafafun baya da ƙarancin kitse idan an kwatanta da tsokar jikinsu. Ina karantawa Duna na gani a gabana.

Amma hawan da sauƙi, saukowar ce ta tada min hankali, kuma ita ce dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Falankan bishiyar nan kusan a kan juna aka jera su, ɗaya saman ɗaya, to in kyanwa na can sama ta leƙo ba ta ganin matakin da za ta taka, ƙasa kawai take gani. Farcen kyanwa kuma baya ya lanƙwasa, wurin hawa yake kamawa, in kai na ƙasa ba ya riƙe komai. Kyalli siririya ce tana iya murɗa jiki ta zame zuwa hawa na uku. Duna ba zai iya ba. Wata safiya na tsaya na zuba masa ido: ya zuro hannayensa biyu a jikin sandar yana ta miƙa su ƙasa don ya rage tazarar, ya tsaya a haka ya fi minti ɗaya kunnuwa a baya, sannan ya saki. Ƙarar da na ji a kan tayil ɗin nan, tim, har raina. Ya tsaya cak, ya ɗaga hannun hagu ya yarfe shi sau biyu sannan ya tafi a hankali.

Lissafin ba mai wuya ba ne in mutum ya natsu. Daga santimita 150, mai nauyi da marar nauyi da gudu kusan ɗaya suke isowa ƙasa, wajen mita 5 da ɗan wani abu a daƙiƙa. Bambancin yana wurin abin da jiki zai shanye in an dira, wannan kuwa da nauyi yake tafiya, kilo 6 da rabi a kan kilo 4 ya haura da sama da kashi 60 cikin 100. Kuma ƙashin Duna da gaɓoɓinsa ba su ƙara girma ba don ya yi ƙiba, su ne dai na da can. Kyanwa da hannaye take fara dira, dama ko a tsaye take su ke ɗauke da wajen kashi 60 na nauyinta. Allah ya yi mata halitta mai ban mamaki a nan, ɗan ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa bai haɗe da sauran ƙasusuwa ba kamar namu, allon kafaɗarta ma tsoka ce ke riƙe da shi, shi ya sa in ta dira ƙirjin ke ɗan nutsawa tsakanin hannayen ya sha bugun. Sai dai komai na da iyaka, abin da aka yi don kilo 4 kullum a ce ya tari kusan 7 sau biyar sau shida a rana ai dole wuyan hannu da gwiwar hannu su ji a jikinsu.

Washegari na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya shafa gefen cikinsa ya ce "Malama taɓa nan, kin ji haƙarƙari?" Sai da na danna sosai na ji. Ya ce akwai ma'aunin jiki daga 1 zuwa 9, 5 shi ne daidai, Duna yana 8. Karaya babu alhamdulillahi, amma da ya lanƙwasa gwiwar hannun hagun sai muzurun ya janye da sauri. Nan ya yi min bayanin amosanin gaɓɓai, cewa yana da yawa a maguna masu shekaru kuma ba sa cika ɗingishi a gani, alamar sai dai ka ga sun rage tsalle ko suna jinkiri kafin su dira. Daga baya na ga wani bincike na 2002 da aka duba hotunan ƙashin maguna 100 da suka haura shekara 12, kashi 90 cikinsu an ga alamar lalacewar gaɓa. Gargaɗi biyu ya yi min kuma don Allah ku ma ku riƙe. Kar a ba kyanwa farasitamol ko da ɓari ne, guba ce gare ta. Sannan kar a ce za a horar da mai ƙiba da yunwa don ta rame da wuri, hanta ce ke cika da kitse ta lalace, a hankali ake yi, kamar kashi 1 na nauyinta a sati.

Ban yar da bishiyar ba. Maigida ya cire sandar sama ya sauko da gadon, yanzu tsayin bai fi santimita 75 ba, kuma rabin tsayi na nufin rabin abin da hannayen za su shanye. Kafinta ya yanka mana falanki mai kauri da faɗi aka ɗaure a ƙarƙashin gindin, karkatar nan ta daina. Na ajiye wani ɗan benci a gefe ya zama mataki, na shimfiɗa kafet mai soso a inda yake dira saboda tayil ga tauri ga santsi. Abin da ke min ciwo shi ne duk wannan gyaran kamata ya yi masu ƙerawa su yi shi tun farko, ko aƙalla su rubuta a jikin kwalin kilo nawa abin zai ɗauka. Hoton da suka sa ma 'yan ƙananan maguna ne zaune a kai, gadon saman santimita 30 ne, Duna in ya kwanta rabin cinyarsa a waje take.

Tauraro uku nake ba ta cikin biyar. In magenka ƙarama ce mai ƙarfin jiki saya, za ta more. In kuwa ta haura kilo 5 ko ta fara manyanta, ka auna ta tukuna, ka nemi mai matakai a karkace kamar na bene da gindi mai faɗi, kuma tun a hoto ka bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa ka ga ta ina za ta bi ta sauko. Duna yanzu kilo 6 yake bayan sati goma, har yanzu ta bencin yake bi, Kyalli ce dai ke zuwa ta zauna tana kallon inda gadonta yake a da.