xs:extension ko xs:any: wanne za ka ɗauka idan xjc ne ke fitar maka da kod?

Ɗan'uwanmu da ke aiki a Wuse ya kawo tambaya. Wani kamfani ya ba su sikimar XML, wato fayil ɗin da ke tsara yadda saƙonnin XML za su kasance, suna fitar da azuzuwan Java daga cikinta da xjc, manhajar da ke juya sikima zuwa kod ɗin Java, yanzu kuma suna son ƙara ƙaramar hukuma da lambar NIN a bayanan abokin ciniki. Ya ƙara su da hannu a cikin fayilolin Java da xjc ya fitar, da aka sake fitarwa sai ƙarin ya goge.

Malam, hannu dai ka cire shi daga fayilolin nan, na xjc ne, duk lokacin da ya gudana zai share maka aiki. A sikima ake gyaran, kuma hanya biyu ce.

Da xs:extension, kana rubuta sabon nau'i da ya gaji na asali, sai xjc ya ba ka ƙaramin aji mai gadon babba, da getNin() a shirye. In ka yi kuskuren suna, tun wajen harhaɗa kod za a kama ka. Daɗin aiki ke nan. Amma a cikin saƙon XML ɗin da ake turawa dole xsi:type ya faɗi nau'in da ake nufi, kuma dole JAXBContext na mai karɓa, wato inda ake ajiye jerin azuzuwan da aka sani, ya san ajin. Idan bai sani ba, a nan ne abin ke damuna: JAXB, mai juya saƙon XML zuwa azuzuwan Java, ba ya yawan ƙorafi, zai karanta saƙon a matsayin babban ajin, NIN ɗin ta salwanta shiru, sai ranar da aka neme ta a rumbun bayanai.

Shi kuwa xs:any gurbi ne da mai sikima ya bari a buɗe. In an sa processContents="lax", gurbin kuma yana karɓar abu fiye da ɗaya, xjc zai ba ka getAny() mai dawo da List<Object>. Abin da JAXB ya gane ya mayar da shi aji, wanda bai gane ba ya ajiye shi a matsayin Element na DOM, wato guntun XML yadda ya zo, har ya sake fitar da shi idan ka tura saƙon gaba. Ba abin da ke ɓata, sai dai kai za ka zauna kana tantancewa da instanceof. Haka SplmtryData na saƙonnin ISO 20022 yake, masu aikin biyan kuɗi sun san shi. In kai ne za ka buɗe gurbin, sa namespace="##other", domin a XSD 1.0, harshen rubuta sikima, ##any bayan abin da ba dole ba yana karya ƙa'idar UPA, wadda ta ce kada a yi ruɗu kan wane sashe na sikima ne ya dace da kowane abu a saƙo. XSD 1.1 na 2012 ya sassauta wannan, amma xjc bai bi shi ba.

Tunda sikimar ba taku ba ce, ni shawarata ka fara dubawa ko sun bar xs:any. In akwai, zuba ƙarinku a ciki da namespace naku, wato alamar da ke bambanta sunayenku da nasu, shi ya fi aminci tsakanin kamfani biyu da ba tare suke sabunta manhaja ba. In babu, ka rubuta sikima ta daban, ka jawo tasu da xs:import, ka yi xs:extension, amma sai kun yi magana da su tukuna, don in suna tantance saƙo da sikimarsu kaɗai za su ƙi naku. Ka kuma fitar da fayil ɗin episode, mai gaya wa xjc azuzuwan da aka riga aka fitar, kada xjc ya maimaita azuzuwan asali.

Wace Java kuke kai? Daga Java 11 an cire JAXB daga JDK, sai ka ƙara ta da kanka a pom.xml, fayil ɗin da ake jera abin da manhajar ke dogaro da shi.