Cikakken makulli, lambar jeri ko lambar niƙa: da wanne za a kira magudana a kenel?

Ƙanena, na ga tambayar da ka jefo cikin zauren nan jiya da daddare. Ka ce kana aikin kammala karatu a ATBU da ke Bauchi, kana gina ƙaramin swici na cikin kwamfuta, wato manhajar da ke kai fakitin bayanai daga wata ƙofa zuwa wata, irin Open vSwitch, kuma ka tsaya a wuri guda: idan manhajarka za ta yi wa kenel, wato zuciyar Linux, magana a kan wata magudana, da wane suna za ta kira ta? Ta karanto cikakken bayaninta, ko ta ba ta lamba 1, 2, 3 a jere, ko kuwa ta bi hanyar UFID, wato suna na musamman da ake samu ta niƙa bayaninta da lissafi? Tambayar ta yi mini daɗi, domin a irin wannan wurin ne tsari yake tsayuwa ko ya rushe.

Ga waɗanda ba su saba ba, magudana doka ce guda da aka ajiye a kenel: duk fakitin da ya zo da siffa kaza, a yi masa kaza. Tana da makulli, wato siffofin fakitin kamar ƙofar da ya shigo, adireshin MAC da na IP da lambar TCP; tana da marufi mai nuna waɗanne siffofi za a duba; sai ayyuka, sai ƙididdigar fakitin da suka bi ta kanta.

Da cikakken makulli Open vSwitch ya fara, tun da aka shigar da shi Linux 3.3 a 2012. Kyansa shi ne babu abin tunawa. Makullin shi ne sunan, kowa ya gan shi ya gane. Amma ka ɗauka ka je tashar Gombe Line karɓar saƙo, kuma duk zuwa sai ka ce buhu ne fari, an ɗaure shi da jar igiya, wake ne a ciki, daga Dukku ya fito. Buhu ɗaya ba komai. To ovs-vswitchd, babbar manhajar Open vSwitch da ke wajen kenel, yana da ma'aikata masu bita, wato sassansa da ke aiki a lokaci guda, waɗanda suke zazzage duk magudanan kenel kusan kowane rabin daƙiƙa, su ga wadda ta yi daƙiƙa 10 ba a bi ta ba su share, su ga wadda dokarta ta canja su gyara. Iyakar da aka saba sawa magudana 200,000 ce. Kowacce sai kenel ya tsara makullinta da marufinta da ayyukanta a saƙon Netlink, hanyar da kenel da manhaja suke magana, manhaja ta warware, alhali ƙididdiga kawai take nema. Nan lokaci yake tafiya.

Lambar jeri ta fi kowacce jan hankali, kuma na san ita zuciyarka ta fi karkata gare ta. Gajeriya ce, ba ta karo da wata muddin mai ƙirga ɗaya ne. Sai dai wa zai riƙe ƙirgar? Idan kenel ne, dole ka jira amsarsa kafin ka san sunan abin da ka girka, alhali manhaja tana so ta tura magudanai da yawa a dunƙule ta wuce. Idan manhaja ce, duk ma'aikatanta sai sun yi layi a kan ƙirga ɗaya. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce lambar ba ta da dangantaka da abin da take wakilta. Fakiti biyu masu siffa ɗaya su iso a tare kafin a girka musu doka, ma'aikaci ɗaya ya ɗauki wannan, wani ya ɗauki wancan, sai magudana guda ta tashi da suna biyu. Sannan ranar da manhajar ta mutu ta tashi, kenel yana nan riƙe da tsofaffin magudanai, ita kuma ta koma ƙirga daga 1. Lamba 40 ta jiya da lamba 40 ta yau ba abu ɗaya ba ne, kuma za ka sha wuya kafin ka gano dalilin da doka ta ɓace.

Hanya ta uku, wato UFID, ita ce wadda Joe Stringer ya kawo, ta shiga Linux 4.0 da Open vSwitch 2.4, duk a 2015. Manhaja ce take ba da sunan, ba kenel ba. Tana ɗaukar makullin ta niƙa shi da lissafin hash, wanda ke mayar da dogon bayani gajeriyar lamba, haɗe da wata lambar sirri da take zaɓa da ka idan ta tashi, sai a sami lamba mai bit 128. Makulli ɗaya, suna ɗaya, ko wane ma'aikaci ne ya lissafa, don haka na biyun yana dubawa zai ga an riga shi. Ba layi, ba jira. Idan manhajar ta sake tashi lambar sirrin ta canja, sababbin sunaye ba za su hau kan tsofaffi ba. Tsohon sunan da ta gani ba ta sani ba, sai ta nemi kenel ya ba ta cikakken bayaninsa sau ɗaya ta ajiye.

Abin da ya fi burge ni shi ne kenel bai damu da yadda aka samo lambar ba. Yana karɓar komai daga bayit 1 zuwa 16 (bayit 16 shi ne bit 128), ya ajiye a tebur na biyu kusa da teburin magudanai. Aka kuma ƙara tutoci uku da suke ce masa kada ya sa makulli, ko marufi, ko ayyuka a amsarsa. Idan an ɗaga duka ukun, suna da ƙididdiga kawai yake dawowa da su. Bayanin da ya raka gyaran ya ce saurin masu bita ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari ko fiye.

Ba kyauta ba ne. Manhaja dole ta riƙe kwafin makulli da marufi da ayyuka a wajenta, kenel ya ɗauki tebur biyu, kuma sai an gwada ko kenel ɗin ya san UFID, in tsoho ne a koma cikakken makulli.

Kada kuma ka yi rowar tsawo. Da bit 32, magudanai kusan 77,000 sun isa yiwuwar karo, wato biyu su tashi da suna ɗaya, ta kai rabi, ka ga tun ba ka je ko rabin 200,000 ba ka shiga matsala. Da bit 64, a magudanai 200,000 yiwuwar kusan ɗaya ce cikin biliyan. Da 128 ka daina tunaninta. Karo a nan yana nufin ka share dokar wani, ko ka jingina ƙididdigar wannan ga wancan.

Ni dai da nake wurinka, in magudananka ba za su wuce 'yan ɗaruruwa a ɗakin gwaji ba, zan fara da cikakken makulli, amma in bar gurbin suna mai bayit 16 a tsarin saƙon tun yau, in sa manhaja ce mai cika shi. Kafin ka rubuta komai, kunna Open vSwitch a kwamfutarka ka buga ovs-appctl dpctl/dump-flows -m, za ka ga ufid a farkon kowane layi. Tura mana abin da ya fito mu duba tare.